ZAMAN AMANA A ƘASAR DAURA: MUSULMI DA MAGUZAWA DA MASIHIYAWA

Gabatarwa

Babu ɗalibin da zai fita makarantar horon malamai a ƙasar Hausa bai ji labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ba, kuma da wuya a sami wanda ba zai iya lissafa Hausa Bakwai da ka ba. Amma in ka tambaye shi yadda Musulmin Daura suka zauna shekara da shekaru da 'yan'uwansu Hausawa waɗanda ba su salla, gona na kallon gona, sai ka ga ya yi shiru, gama ba a karantar da shi wannan ba. To, a kan wannan zama ne 'yar takardar nan za ta yi magana. Nufina in nuna cewa zaman nan gina shi aka yi, bisa asali guda wanda kowa ya yarda da shi, da matsayi a shari'a wanda malamai suka ba wanda ba Musulmi ba, da kuma bukatar juna ta yau da kullum. Sa'an nan in nuna abin da ya sami waɗannan ginshiƙai daga zuwan Turawa zuwa yau, bayan Maguzawa sun ragu ƙwarai, da yawansu sun musulunta, waɗansu kuma sun zama Kirista.

In an ce ƙasar Daura a yanzu, ana nufin ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina, watau Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa. Ta dā kuwa ta fi haka faɗi, don ta miƙa arewa wajen Kance da Matamaye da Magarya, waɗanda yanzu su ke cikin Jamhuriyar Nijar, kuma wani yanki na Kazaure daga jikinta aka yanke shi. Tun da ya ke mutanen duk ɗaya ne, inda labarin Daura ya yi ƙaranci za mu leƙa Kano da Katsina da Maraɗi mu ciko.

Uba Ɗaya, Rijiya Ɗaya

Masana sun daɗe suna gardama a kan Bayajida. Waɗansu, kamar Palmer da Hallam, sun so su haɗa shi da Abu Yazidu wanda ya yi tawaye a Afirka ta Arewa, aka kashe shi cikin 947. Waɗansu kuma, kamar Abdullahi Smith, sun ce Hausawa da harshensu da garuruwansu sun riga kowane irin baƙo zama a ƙasan nan. Ba wannan gardama ce gabanmu ba. Abin da mu ke so mu duba shi ne abin da labarin ya ke koya wa masu faɗinsa game da junansu.

Baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ta karɓe shi ba ta tambayi abin da ya ke bauta wa ba. Ya nemi ruwa, aka ce ba a ɗiba sai ran Jumma'a saboda macijiyar da ke cikin rijiya. Ya kashe ta da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ruwa ya zama na kowa kullum. Daga baya ya haifi 'ya'ya biyu a Daura, Karɓagari ɗan Bagwariya, da Bawo ɗan Sarauniya Daurama. Galibi a makaranta a kan tsaya ga cewa 'ya'yan Bawo su suka kafa shida daga cikin Hausa Bakwai, na Karɓagari kuwa su ne Banza Bakwai. Amma Dierk Lange, wani masani Bajamushe wanda ya bi labarin a Daura da maƙwabtanta, ya nuna akwai wata fassarar, inda a ke ɗaukar Karɓagari kakan Azna, watau Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. In haka ne, ashe labarin yana cewa mai salla da marar salla uba ɗaya suka haɗa, ko da ya ke ɗaya ya sami gari, ɗaya an bar shi da daji da gona. Ba a daidaita su ba, amma kuma ba a ce ɗaya baƙo ne ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Fadar Daura kanta ba ta yar da kayanta na dā ba don ta musulunta. Takobi da wuƙar da a ke dangantawa ga Bayajida suna ajiye a fada, sarautar Magajiya tana tuna wa mutane zamanin da mata suka mulki garin, babban hawan da aka san Daura da shi kuwa shi ne na Sallar Gani, cikin watan da aka haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A wata guda a ke murnar Mauludi a ke kuma tuna Daurama. Gidan sarautar da ya saba da haɗa waɗannan biyu ba zai yi mamakin ganin talakansa yana riƙe da al'adar kakanninsa ba.

Sunan Bamaguje da Hukuncinsa

Musulunci ya shigo ƙasar Hausa ta gabas daga Barno, ya kuma shigo ta yamma a hannun Wangarawa, waɗanda littafin tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Da fari addinin fada ne da fatake da malamai, mutanen karkara kuwa suna nan a kan abin da suka gada. Sa'ad da Shehu Magili ya zo Kano wajen 1492, zamanin Muhammadu Rumfa, ya rubuta wa sarki wasiyya yana horonsa da ya hana waɗanda ba Musulmi ba bayyana shan giya da tsiraici da makamantansu a fili, dalilinsa kuwa shi ne suna cuɗanya da Musulmi a kasuwanni da unguwanni. Wannan horo, ko da ya ke mai tsanani ne, shaida ce babba. Ya nuna tun ƙarni na 15 mutanen nan a haɗe su ke, kuma malamin bai ce a kore su ba, iyaka ya yi musu.

Game da sunan Maguzawa akwai magana iri uku. Masu barkwanci su kan ce daga gudu ne, wai maguje salla. Tarihin Kano ya ambaci wani mai suna Maguji cikin manyan mutanen Barbushe. Yawancin masana kuwa sun fi karkata ga kalmar Larabci Majusu, watau masu bautar wuta na ƙasar Farisa. Wannan ta ukun ita ta fi nauyi, don hukunci ne a ƙunshe cikin suna. Annabi ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo yadda Halifa Umaru ya rasa yadda zai yi da Majusawa, har Abdurrahmani ɗan Aufu ya shaida masa cewa Annabi ya ce a bi da su yadda a ke bi da ma'abota littafi. Mazhabar Malikiyya, wadda ita a ke bi a ƙasan nan, ta faɗaɗa wannan ƙofa fiye da ta Shafi'iyya, ta yarda a karɓi jiziya daga masu bautar gumaka ma. Saboda haka malamin da ya fara kiran manomin Hausa marar salla Bamajuse, ya sama masa wurin zama ne a cikin littafin fiƙihu. Ya zama ɗan amana, jininsa da dukiyarsa da iyalinsa haram ne a taɓa, ba a tilasta masa salla, ba a kama shi bawa, muddin ya biya abin da ke kansa ya kuma bi sarki.

Kada mai karatu ya ɗauka amana daidaito ce. Ɗan amana ba ya auren Musulma, ba a karɓar shaidarsa a kan Musulmi gaban alƙali, ba ya riƙon sarautar da za ta ɗora shi bisa Musulmi. Bamajuse kuma ya bambanta da Bayahude da Banasare ta wajen abu biyu, ba a cin yankansa, ba a kuma auren 'yarsa sai ta musulunta. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Jihadi da Gardamar Malamai

Cikin 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya tashi. A littafinsa Nurul Albabi ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi na sosai, da masu garwaya Musulunci da ayyukan kafirci, da waɗanda tun asali ba su taɓa shiga Musulunci ba. Abin lura shi ne takobin jihadi ya fi faɗa wa kashi na biyu, musamman sarakuna. Malam Isiyaku ya karɓo tuta, ya ci birnin Daura wajen 1805, Sarkin Daura Abdu, wanda a ke kira Sarkin Gwari, ya fita ya nufi arewa. Sunansa kaɗai ya isa ya nuna gidan Musulmi ya fito. Zuriyarsa suka yi ta yawo kafin su kafa sarauta a Zango da Ɓaure, Daura ta rabu uku har ƙarshen ƙarnin.

Sarakunan Daura da Kano da Katsina sun kai kuka Barno, daga nan ne kuma aka sami wasiƙun nan masu daraja tsakanin Shehu Laminu Alkanemi da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya adana cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Shehu Laminu ya ce yanka a gindin itace ko bakin ruwa, da fitar mata ba lulluɓi, da cin hanci, da cin dukiyar maraya, duk saɓo ne, amma saɓo ba ya fid da mutum daga Musulunci, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga irinsu, har Masar. Jahili karantar da shi a ke yi. Bello ya amsa da cewa yanka don wanin Allah shirka ce, kuma wanda ya taimaki masu yaƙar Musulmi hukuncinsu ya hau kansa. Kowanensu ya tsaya a kan hujjarsa. Amma ya kamata malamin tarihi ya nuna wa ɗalibansa cewa ana tsakiyar yaƙi manyan malamai biyu suka zauna suna rubuta wa juna a kan wa ya halatta a yaƙa, wa bai halatta ba, kuma Daura tana cikin ƙasashen da aka yi gardamar a kansu.

Maguzawa, da ya ke ba su taɓa da'awar Musulunci ba, ba a tuhume su da ridda ba, ƙofar amana ta zauna a buɗe gare su. Wannan ne ya sa bayan shekara ɗari na mulkin daular Usmaniyya Turawa suka tarar da gidajen Maguzawa birjik a ƙasar Kano da kudancin Katsina, kusa da manyan biranen malamai. Ba a ce ba a zalunce su ba. Ƙarni na 19 a kan iyakar Daura ƙarni ne na hari, tsakanin Daura ta Fulani da Zango da Damagaram da Maraɗi, maharbin bayi kuwa ba kullum ya ke tsayawa tambayar wa ke da amana ba. Amma wanda aka zalunta yana da sunan laifin da aka yi masa, watau cin amana, yana kuma da ƙofar da zai kai kuka.

A arewa, inda sarakunan Haɓe suka koma, tsarin ya ɗan bambanta. A Maraɗi da Tsibirin Gobir sarki Musulmi ne, amma Anna, kamar yadda a ke kiransu can, suna da shugabanninsu da a ke damawa da su a fada, su ke buɗin daji, su ke neman albarkar damina bisa al'adarsu, kamar yadda Guy Nicolas, Bafaranshe, ya bayyana cikin bincikensa. A Katsina ma Durɓi, wanda ya gaji gidan da Muhammadu Korau ya karɓe wa sarauta, ya zauna cikin masu zaɓen sarki.

Gona da Kasuwa

Shari'a ta shata iyaka, amma abin da ya cika tsakanin iyakokin shi ne hulɗar yau da gobe. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya buga littafinsa a 1946. Ya tarar Bamaguje ya san Allah shi ne mahalicci, sai dai yana ganin iskoki su ne na kusa, su ya ke yi wa yanka. Iskokin ma an raba su, akwai farare na gari, Musulmi, irin su Malam Alhaji, akwai baƙaƙe na daji. Malamai kuwa sun ce ai waɗannan su ne aljannun da Alƙur'ani ya ambata. Da haka kowa ya sami inda zai ajiye abin ɗan'uwansa cikin tasa fahimtar. Bamaguje yana ƙirga kwana da Lahadi da Litinin, yana yi wa ɗansa suna ran bakwai, yana sayen laya wurin malam. Musulmin ƙauye kuma in ciwo ya ƙi ji ya kan nemi sassaƙe da saiwa wurin maƙwabcinsa da ya san daji.

Maguzawa manoma ne na gaske, masu manyan gidaje da gandu da rumbuna, matansu kuma suna noma tare da maza. Shugabansu a wurare da yawa Sarkin Noma ne, ta hannunsa a ke tara abin da za a kai wa sarki. Shekarar yunwa hatsinsu ne ke fitowa kasuwa. Su kuma suna bukatar gishiri da kanwa da tufa daga hannun fatake Musulmi. Aikin gayya bai san addini ba. In Bamaguje zai yi biki, sanin da ya yi cewa Musulmi ba ya cin yankansa shi ke sa ya kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa dabbar, a ware wa baƙi tukunyarsu da furarsu nesa da tulun giya. Ga hukuncin da aka yi don rabuwa, ladabin maƙwabtaka ya mai da shi dalilin gayyata.

Shiga Musulunci ma da sannu ta ke zuwa. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi wajen 1970, ya lura cewa sau da yawa saurayin da ya bar noma ya kama fatauci shi ke musulunta, gama ciniki da tafiya da masauki duk a hannun Musulmi su ke. Ya musulunta ya koma gari, amma uwarsa tana gida, yana kai mata goro da zane. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Zamanin Turawa

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. A Daura Turawa suka yi abin da ba su yi a sauran masarautun daular ba, watau cikin 1906 suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da sarautar birni gidan Haɓe. Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi mulki har 1966. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja kuwa ta bar garuruwan arewa a wancan ƙetaren.

Abu biyu suka canja zaman amana a wannan zamani. Na fari, Turawa suka haɗe kuɗin ƙasa da jiziya da sauran kuɗaɗe suka mai da su haraji guda a kan kowane baligi. Bamaguje ya huta da alamar ƙasƙanci, amma tare da ita sunansa na musamman a shari'a ya shuɗe, ya zama talaka kawai a ƙarƙashin dagaci da hakimi da alƙali. Na biyu, addini na uku ya shigo. Saboda alkawarin Lugga an daɗe ana tsare 'yan mishan daga masarautun Musulmi. Likita Mila ya zauna birnin Zariya daga 1905, aka komar da mishan ɗinsa Wusasa wajen 1929. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kirista na farko da yawancin mutanen Daura suka gani akawuna ne da 'yan kasuwa daga Kudu, baƙi masu wani harshe.

Ƙofar da ta buɗe ta cuta ce. Wajen 1937 aka danƙa wa mishan ɗin S.I.M. riƙon wuraren jiyyar kutare na En'e, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, lardin da aka haɗa Daura cikinsa a 1934. Sarakuna Musulmi, irin su Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, suka ba da ƙasa, baitulmali ya ba da kuɗi, Kirista suka kawo likita da magani. Ba a rasa zargi ba, musamman a kan yaran da suka tashi a hannun mishan. Duk da haka wannan shi ne aikin haɗin gwiwa na farko mai tsari tsakanin hukumar Musulmi da ƙungiyar Kirista a wannan yanki, kuma abin da ya haɗa su wata bukata ce da kowa ya gani da idonsa.

Daga Mulkin Kai zuwa Yau

Tsarin mulkin 1960 ya ba kowa 'yancin addini, bayan Hukumar Willink ta 1957 da 1958 ta saurari tsoron ƙananan ƙabilu. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zaga larduna yana musuluntarwa daga 1963 zuwa 1965. Ikilisiyoyi su ma suka himmatu, musamman daga shekarun 1970, lokacin da makarantar firamare ta kowa da kowa ta 1976 ta shiga ƙauyuka, takarda ta fara tambayar kowane yaro addininsa. Zama Bamaguje ya yi wuya. Mafi yawa suka musulunta, waɗansu kuwa, musamman wajen Malumfashi da Kafur da yammacin Kano da Roni ta Kazaure, suka zama Kirista, suna kiran kansu Masihiyawa. An kafa dayosis na Angilikan a Katsina cikin 1990, na Katolika kuma cikin 2023, bishop ɗinsa na fari, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne ɗan ƙasar Malumfashi.

A nan ne za mu komo ga abin da muka ce a riƙe. A littafin fiƙihu Kirista ya fi Bamajuse kusa da Musulmi, ana cin yankansa, ana auren 'yarsa. Amma a zaman yau sai ga shi an fi ɗari-ɗari da jikan da ya zama Kirista bisa kakan da ke yanka wa iskoki. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Bamaguje bai taɓa kiran kowa zuwa addininsa ba, Kirista kuwa yana wa'azi kamar yadda Musulmi ke yi, su biyun kuma gona ɗaya su ke nema. Sa'an nan Kiristanci ya iso tare da Nasara da mutanen Kudu, sai aka ɗauke shi addinin baƙi, har a kan ji mai cewa wai Bahaushe ba ya zama Kirista. Bugu da ƙari rigimar nesa tana isowa kusa. Faɗan da ya tashi a Kafanchan cikin Maris 1987 ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u, mutanen da ba su san mafarinsa ba suka kwana da tsoron juna. Da Jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, an bayyana cewa Musulmi kaɗai ta shafa, amma fargaba ba ta jin bayani da sauri.

Kukan da a kan ji daga shugabannin Masihiyawa a jihohin Katsina da Kano da Jigawa shi ne wahalar samun filin majami'a da maƙabarta, da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da malamin addininsu a makarantar gwamnati. Musulmi kuma suna kukan ana jan marayu da matalauta da magani da makaranta. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani. An kuwa yi ƙoƙarin gyara daga sama. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda dā abokan gaba ne, sun kafa cibiyar sulhu a Kaduna cikin 1995, an kafa majalisar addinai ta ƙasa a 1999, malamai da limaman Kirista sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta 2002. A Daura kanta Sarki Umar Faruk Umar, wanda ya gaji Muhammadu Bashar a 2007, ya naɗa Rotimi Amaechi, Kirista daga Jihar Ribas, sarautar Ɗan Amanar Daura cikin Fabrairu 2022, lokacin yana Ministan Sufuri. Tsohuwar kalmar ta sake fitowa a ƙofar fada. Sai dai karrama babban baƙo abu ne mai sauƙi. Inda a ke gane ƙarfin amana shi ne wurin manomin ƙauye wanda ba shi da kowa sai dagacinsa.

Kammalawa

In muka duba ginshiƙan nan uku, za mu ga na shari'ar jiziya ya tafi, kuma babu mai neman komowarsa, gama tsarin mulki ya maye gurbinsa da daidaito, wanda ya fi amana daraja a takarda. Amma amana tana da abin da daidaiton takarda bai samu ba tukuna, watau kowa ya san ta, daga sarki har mai unguwa, ya kuma san cinta abin kunya ne gaban Allah da mutane. Ginshiƙin bukatar juna yana nan, wanda ya shiga kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi zai gani. Na asali guda shi ne ke girgiza, shi ne kuwa ke hannun malaman makaranta.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malamai abu uku. A karantar da labarin Karɓagari tare da na Bawo, da wasiƙun Shehu Laminu tare da na Bello, don yaro ya san malamanmu sun yi tunani a kan haƙƙin wanda ya saɓa musu. A kiyaye harshe a aji, gama kalmar da ta ke sunan jama'a a Maraɗi ta zama zagi a bakin yaranmu, yaron da a ke zagi da ita kuwa wataƙila kakansa da na mai zagin gandu ɗaya suka nome. Sa'an nan a tura ɗalibai lokacin hutu su zauna gaban tsofaffin garuruwansu, a Zango da Ɓaure da Sandamu da ƙetaren iyaka, su rubuto yadda a ke gayya da biki da jana'iza tsakanin gidan salla da gidan da ba a salla, wa ke yanka, wa ke haƙa kabari, wa ke raba faɗa. Masu wannan sani suna ƙarewa, abin da ba a rubuta ba kuwa tare da su za a binne shi.

Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa. Mutanen Daura na dā sun saɓa a kan abin da ya fi kome girma, watau wanda a ke bauta wa, suka kuma sha ruwan rijiya ɗaya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.